Jimloli Biyar na Sakatariya

Ni dai ban iya ɓoye abu ba, kun riga kun sani. In na ɓoye shi a baki sai ya fito a fuska, in na danne shi a fuska sai a gane a tafiyata. Don haka ku gyara zama in ba ku labarin abin da ya same ni tsakanin Talata da Laraba. Duk wadda za ta ce na cika taurin kai ta yi haƙuri tukuna, ta bari sai ta ji yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, malamar Turanci ce ni a wata cibiyar koyar da manya. Ɗaki uku ne a saman wani shagon tayoyi, sai ofis ɗaya mai fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Ɗalibaina goma sha huɗu, kuma kusan duk sun girme ni. Akwai ma'aikatan jinya uku masu neman ƙarin girma, akwai direban motar asibiti, akwai mai gyaran gashi, akwai wani tela da ya ce ya gaji da kai wa maƙwabcinsa takarda ya karanta masa. Wata takwas muna tare, kuma jarrabawarsu saura mako uku cif.

A gida mu uku ne, ni da Umma da Yaya. Abba direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba, muryarsa kawai muke ji in ya samu wurin da waya ke shiga. Sai kuma wanda kuke jira in ambata, Mai Sola. Abokin Yaya ne, sana'arsa sa wa gidaje wutar hasken rana, shi ya sa sunan ya bi shi. Wata bakwai ke nan yana zuwa wurina, an kuma tsayar da bikinmu nan da wata uku. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son mutumin nan. Dogo ne, baƙi, ba shi da hayaniya, rigarsa kullum a goge, kuma in ya ce ƙarfe biyar to biyar saura minti biyu za ki ji sallamarsa. Tun farko na gaya masa aikina ba abin da zan ajiye ba ne, ya ce, "Aikinki naki ne." Da kunnena na ji.

Abu ɗaya ne yake yi da ke sa yatsana ƙaiƙayi. Tunda ya ji ni malamar Turanci ce ya ɗora wa kansa yi min saƙo da Turanci, kuma kowace Juma'a sai ya rufe da I am looking forward to see you, wato yana ɗokin ganina. Wata bakwai ina kallon wannan see ɗin a tsaye ba wutsiyar ing, ina cije leɓe. Ban taɓa gyara masa ba. Wadda ta san ni ta san wannan kaɗai ya isa shaida cewa so ne ya kama ni.

Ni ma ina da nawa halin. Kullum na dawo daga aiki sai na jefa jaka a kujera, in tuɓe takalmi ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a tsakar falo, in ce, "Aikin nan sai ya kashe ni." Umma ta ji, Yaya ya ji, Mai Sola ma in ya tambaye ni ya aiki abin da nake rubuta masa ke nan. A wurina maganar ba ta wuce sannu da gida ba.

Ranar Litinin muka shiga darasin da ya fi wahalar da ɗalibaina, wato ƙananan kalmomin nan da ke zuwa kafin kalmar aiki: after, before, without, instead of, about da 'yan uwansu. Dokar ba ta da yawa. In kalmar aiki ta biyo bayan ɗayansu, dole a liƙa mata ing a ƙarshe. Na daɗe da gano cewa in na tsaya bayani da Turanci kallona kawai suke yi, sai na juyo da su gida. Na tambayi tela ko ya taɓa cewa "bayan zo gida na ci abinci." Ya yi dariya ya ce ai ko ɗan goye ba zai faɗi haka ba, "bayan zuwa gida" ake cewa. Na tambayi direba ko "maimakon zauna" yake cewa ko "maimakon zama." Ya ce zama mana. Na ce to shi ke nan, abin da bakinku ke yi da kansa shi Turawa ma suke yi, mu muna mai da zo ya koma zuwa, su suna mai da come ya koma coming. Sai mai gyaran gashi ta ce ashe shekara ashirin ana tsorata ta da abin da ke cikin bakinta. Irin wannan lokacin ne yake sa in manta da ciwon ƙafa.

Aikin gida a ajina iri ɗaya ne kullum: jimla biyar da abin da muka koya, kuma duk biyar ɗin su zama gaskiya, abin da ya faru da mutum jiya ko yau. Na kafa wannan dokar ne bayan na gaji da karanta jimlolin da aka kwafo daga waya, inda kowa ke zuwa bakin teku yana wasan ƙwallo da kare. Gaskiyar mutum ba a kwafo ta, kuma abin da ya same ka ba ka saurin manta yadda ka rubuta shi. Sai dai dokar ta jawo min sanin abin da ban nema ba. Na san ranar da tela ya fita ba tare da gaida matarsa ba, na san wacce cikin ma'aikatan jinya ta yi gyangyaɗi maimakon duba marasa lafiya. Shi ya sa na ƙara doka ta biyu, duk abin da ke cikin littafi tsakanina da mai littafin ne.

Akwai ɗaliba ɗaya da ban ambata muku ba, sakatariyar ofishinmu. Ta kai shekara arba'in da biyar, shekararta tara tana buga wa Darakta takardu. Yatsunta sun fi na kowa sauri, amma rabin abin da take bugawa ba ta san ma'anarsa ba, shi ya sa ta roƙi Darakta ta bar ta ta riƙa zama a bencin baya. Ba ta magana. In na yi mata tambaya sai na matsa kusa kafin in ji amsa. Jimlolinta ma irinta ne, bayan yin salla ta yi shara, kafin fita ta kulle ƙofa, haka dai kullum.

Ranar Litinin ɗin ba ta shigo aji ba, wurin mai gyaran gashi ta karɓi aikin. Ranar Talata da aka tashi, ita ce ta ƙarshen kawo littafi. Ta ɗora shi a saman sauran, ta tsaya jim, ta zare shi ta cusa a ƙasa, sannan ta sake zaro shi ta mayar sama. Ba ta kalle ni ba ta fice. Na ce a raina yau kuma Anti me ya same ta, na zauna a ajin ni kaɗai na buɗe jan birona.

Zan fassara muku abin da ta rubuta. Ta farko, bayan buɗe ofis jiya ta goge tebur. Ta biyu, kafin fara aji maza biyu sun zo, yayan malamarmu da wani mai sa sola. Ta uku, sun yi magana da Darakta a kan tsayar da aikin malamarmu a ƙarshen wata. Ta huɗu, maimakon shiga aji ta zauna buga takardar neman sabon malami. Ta biyar kuwa zan ba ku ita yadda take, don har yanzu ina ganinta in na rufe ido: They left without asking her. Sun tafi ba tare da sun tambaye ta ba.

Kun san abin kunya? Hannuna ya riga kaina. Sai da na ba kowace jimla maki, na rubuta biyar bisa biyar a ƙasa na ja layi, sannan abin da na karanta ya iso ƙwaƙwalwata. Na sake karantawa a hankali da yatsa, ina neman inda ta yi kuskuren da zai canza ma'ana, babu. Ƙarshen wata saura kwana goma. Ke nan za a ɗauke ni daga kan mutanen nan ana saura kwana goma sha ɗaya su zauna jarrabawa, a kawo musu wanda bai san tela na rikicewa in aka yi masa tsawa ba, bai san direba sai ya karanta a bayyane yake ganewa ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ashe jiya suna ofis ni ina ɗaki na gaba ina ta zo da zuwa.

Na nufi ofis. Sakatariya tana ganina ta duƙufa kan na'urarta tana buga abin da na tabbata ba komai ba ne. Darakta mace ce da ta haura hamsin, gilashinta a rataye da igiya a wuya, ba ta son dogon zance. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ƙwarai sun zo, sun ce ni na aiko su don ina jin nauyin gaya mata da bakina, kuma ta ji haushi, don a ganinta shekara biyu da muka yi tare ta wuce a ce sai da ɗan aike. Ta tambaye ni wa ya gaya min. Na ce na dai ji. Ta sa gilashi ta dube ni, ta cire, ba ta sake tambaya ba.

Na ce mata ban aiko kowa ba, kuma ba inda za ni. Na zaci za ta yi murna a wuce wurin, sai ta girgiza kai. Ta ce shekara huɗu da suka wuce wata malama ta zauna a kan kujerar da nake ta rantse mata haka, bayan mako biyu 'yan gidansu suka zo suka tafi da ita ana tsakiyar darasi, ajin ya watse, mutum shida suka faɗi jarrabawa. Ba za ta sake wasa da ɗalibai ba.

"Gobe ƙarfe goma mai neman aikin zai zo," ta ce. "In kina son ajinki, wani mai faɗa a ji a gidanku ya tako da ƙafarsa kafin goma ya janye maganar. Taki ke kaɗai ba ta ishe ni ba, ki yi haƙuri."

Na so in yi mata gardama, amma na san in ni ce ita abin da zan yi ke nan. Na kwashi littattafaina na sauko.

Ban biya gida ba, shagon Mai Sola na wuce. Na same shi a durƙushe tsakanin batura yana ɗaure waya, faifan sola jingine a bango har kusa da rufi. Yana ganina ya miƙe yana murmushi, ya goge hannu, ya jawo min kujerar da ta fi tsabta. Wannan murmushin ya kusa sa ni fasa maganar, don a take na gane mutumin nan jira yake in yi masa godiya.

"Darakta ta fasa ƙwan ke nan," ya ce. "Na so sai ƙarshen wata ki ji, in ba ki mamaki."

Na ce ai ya ba ni. Na tambaye shi yaushe na ce masa zan bar aiki. Bai yi musu ba, wayarsa ya ciro, ya rubuta kalma ɗaya a wurin bincike ya miƙo min. Saƙonnina ne jere reras, tun daga watan farko. Aikin nan zai kashe ni. Yau kam aikin nan ya kusa kashe ni. Ka yi min addu'a kafin aikin nan ya kashe ni. Ya ce sau talatin da ɗaya ne, ya ƙirga. Ya ce duk ranar da ya karanta sai ya ji ba daɗi, yana tunanin wane irin namiji ne shi da zai bar wadda zai aura tana wannan kukan. Da ya yi wa Yaya maganar, Yaya ya ce masa ai na daɗe ina son bari, kunyar Darakta ce ta hana ni, in su biyu suka je an gama. Ya ce har ya fara duba min kwamfuta, in na huta bayan biki in riƙa koyar da mutum ɗaya ko biyu daga gida.

Jama'a, da mugunta ya yi da abin ya zo min da sauƙi. Sai in zage shi in yi tafiyata. Amma ga mutum a gabana ya ɗauki mitata ya mai da ita wasiyya, ya ɓata ranar aikinsa ya hau bene don ya cece ni daga abin da na fi so a duniya. Na ji tausayinsa, na ji kunyar bakina, kuma duk da haka fushin bai tafi ba. Na gaya masa gajiya daban, ƙi daban. Na ce in na ce aikin zai kashe ni, sannu nake nema, ba wai a raba ni da shi ba. Na ce mutum goma sha huɗu sun ba ni wata takwas na rayuwarsu, wasu daga aikin dare suke wucewa aji ba su runtsa ba, kuma ko ba don su ba, wata bakwai yana da lambata, tambaya ɗaya ce ta gagare shi.

Ya riƙa murza guntuwar wayar wuta a hannu. Na ce gyaran ba wuya, gobe kafin goma ya zo ya gaya wa Darakta ba da yawuna ya je ba. Nan fuskarsa ta canza.

"Jiya na tsaya gaban matar nan da yayanki na faɗi magana. Gobe in koma in ce ƙarya na yi?"

"Ka ce kuskure ka yi."

"A wurin namiji duk ɗaya ne."

"A wurina ba ɗaya ba ne. Mai ƙarya ba zan aure shi ba. Mai kuskure zan aura, in zai iya hawa bene ya faɗa."

Ya ce yanzu ke nan na ɗora shi a sikeli da allo da alli. Na ce ban ɗora shi ba, shi ya hau da kansa, kuma ni duka biyun nake so. Na ɗauki jakata na ce masa ƙarfe goma, na fito da ƙarfina kamar ba komai. Sai da na shiga motar haya na ja mayafi na rufe fuska, matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri ba ta ma san a kan me ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yaya yana tsaye a falo da makullin babur a hannu, ya fara tun ban ajiye jaka ba. Wai na kunyata shi gaban abokinsa, wai shi ya yi min gata na mai da shi mutumin banza, wai boko ya hau min kai har ina ba maza wa'adin ƙarfe goma. Ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ofishin nan ba. Na bar shi ya gama, don Yaya in yana faɗa ko sallama ba ya ji. Da ya fita na kira Abba sau huɗu, wayar ba ta shiga.

Umma tana ɗakinta a kan keken ɗinki. Tela ce, shekara talatin ke nan, kuma abin da ke ƙarƙashin allurar a lokacin labulen gidana ne, ruwan zuma mai ratsin fari, wanda ni da kaina na zaɓo. Ban san ya aka yi ganin labulen ya fi faɗan Yaya yi min ciwo ba. Na zauna a bakin gado. Ba ta ɗago ba ta ce ta san da tafiyarsu, ita ma ta sa albarka. Ta ce shekarata ashirin da shida, 'yan uwan Abba sun ishe ta da waya, ga shi Allah ya kawo mutum mai hankali mai sana'a, ni kuma zan kore shi a kan ajin da ke saman shagon taya. Ta ce kuma ba da bakina nake cewa aikin zai kashe ni ba, ko ita ta sa min maganar a baki?

"Umma," na ce, "tun ina firamare nake jin kina cewa keken nan sai ya karya miki baya."

"To sai me?"

"In kika dawo daga unguwa kika tarar Abba da Yaya sun sayar da shi don ki huta, ga ɗinkin mutane rabi da rabi a ƙasa, godiya za ki yi musu?"

Ƙafarta ta tsaya a kan fedar. Na jira ta yi min faɗan rashin kunya, don na san na taɓo inda ba a taɓawa. Sai ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, kina tare min haske." Na tashi. Har muka ci abinci ba ta sake ce min komai ba, ni ma ban sake ba.

Da safe na duba waya tun kafin in sauko daga gado. Wata bakwai saƙonsa ke tashina, ranar nan babu. Na yi wanka, na sa doguwar rigata mai ruwan bula wadda nake ajiye wa ranar jarrabawa, na yafa mayafi ruwan toka, na zizara kwalli ya ɗan rufe kumburin ido. Na rubuta masa, "Ina ofis daga ƙarfe tara." Ban ƙara ko kalma ba. Nan take alama ta nuna ya karanta, amsa kuwa shiru. Ƙofar Umma a rufe take, na yi mata sallama daga waje ta amsa a taƙaice.

Ƙarfe tara saura na zauna a bencin ofis. Sakatariya ta kawo min ruwa a kofi, ta sunkuyo ta ce ƙasa-ƙasa in yafe mata, ta rasa yadda za ta gaya min ne, bakinta ya ƙi. Na riƙe hannunta na ce biyar bisa biyar ta ci, kuma ban taɓa karanta aikin gida mai amfani irin nata ba. Ta koma kujerarta tana share ido da gefen mayafi.

Tara da rabi mai neman aikin ya iso, wani saurayi mai ladabi da fayil a hammata. Ya zauna kusa da ni ya gaishe ni, ya tambaye ni ko ni ma aikin na zo nema. Na ce kusan haka. Ya ce ya ji an ce ɗaliban manya ne, Allah ya sa ba su da wuyar sha'ani. Na ce masa mutanen kirki ne, na kau da kai. Ɗalibaina suka fara hawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙo ya ce Malama ina kwana, ba wanda ya san abin da ake ciki. Duk takun da na ji a bene sai in ɗago kai, sai in ga direba ne ko mai gyaran gashi. Na yi wa kaina alkawari ko ba wanda ya zo ba zan bar bencin nan ba sai Darakta ta kira wanda zai ɗaga ni.

Goma saura minti takwas na ji wani taku daban, a hankali, ana hawa uku a tsaya. Na san gwiwar da ke hawa bene haka. Umma ce, cikin zanen fitarta mai ruwan ganye, jakarta a maƙale, tana haki. Shekara biyu ina aiki a nan ba ta taɓa zuwa ba. Ko kallona ba ta yi ba ta tambayi Sakatariya ina shugabar take.

Ba a rufe ƙofar ba, don haka na ji komai. Ta ce ita ce mahaifiyata, mahaifina yana kan hanya, kuma in ba ya nan maganarta ce magana. Ta ce yaran da suka zo shekaranjiya sun yi gaggawa, ita ma ta yi gaggawar sa musu baki. "'Yata ba ta bar aiki ba," ta ce, "kuma ba wanda zai zo ya ɗauke ta daga kan mutane sai ta kai su inda ta yi alkawari." Darakta ta tambaye ta bayan jarrabawar fa. Umma ta ce wannan ita mai aikin za a tambaya, ga ta can a benci.

Darakta ta fito ta ba saurayin haƙuri, ta karɓi takardunsa ta ce in wani ajin ya buɗe za ta neme shi. Na ji ba daɗi da na ga yadda ya gyara fayil ɗinsa ya yi godiya. Ni kuma ta ce min saura minti uku a shiga aji, kada in tsaya kallonta.

Na bi Umma zuwa bakin bene, na buɗe baki zan yi godiya ta ɗaga min hannu. Ta ce in adana, akwai abin da ban ji ba. Bayan fitata da safe kawun Mai Sola ya kira ta, ya ce a dakata da shirin biki tukuna, yaron ya ce yana son ya yi tunani.

Na dafa bango. Na ce, "Kin ji wannan kuma kika taho?"

"Na ji na taho." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kukan ki bari sai kin dawo gida, mu yi tare. Yanzu mutane na jiranki."

Ta fara sauka tana riƙe da ƙarfen bene. Na tsaya har ta kai ƙasa, na goge fuskata, na shiga aji.

Su goma sha huɗu suna zaune, Sakatariya a bencinta na baya. Na ajiye waya a tebur na je buɗe taga don zafi, a nan na gan shi. Farar motarsa tana fake a tsallaken titi, shi yana ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya ɗago kai yana kallon tagar ajina. Bai fito ba, bai kuma tafi ba. Agogon bango ya nuna goma da minti biyu. Wayata ta yi ƙara a kan tebur, sunansa ya fito a fuskarta.

"Malama, ana kiranki," in ji tela.

Ina son ɗauka, Allah ya sani ina so. Na kifa ta, na ce kowa ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Darasina minti casa'in ne, ban taɓa rage wa mutanen nan ko ɗaya ba, shi kuma ya san hanyar benen tunda ya taɓa hawa. Na ba tagar baya, na ɗauki alli, na fara rubutu.